Ɗana, Kafin Ka Ce Sai An Zub Da Jini

Ɗana, akwai wata magana da nake yawan ji a bakinku samari idan hira ta yi nisa a majalisa, ko in aka karanto mini abin da kuke rubutawa a waya, wai ƙasar nan ba za ta gyaru ba sai an zub da jini, sai talaka ya tashi ya ƙwaci haƙƙinsa da ƙarfin tsiya. Ba na jin haushinku in kun faɗa, domin na san inda abin yake muku ciwo. Ka yi karatu ka gama, takardu na kwance a ƙasan akwati, aikin da ka nema an ce sai ka kawo kuɗin da mahaifinka bai taɓa riƙewa ba, mahaifiyarka ta kwanta asibiti an ce ku sayo komai har safar hannun likita, ga kuma wanda kuka tashi tare ya zama yaron ɗan siyasa yana baɗe ka da ƙurar mota. Duk wannan gaskiya ne, wanda ya ce maka ba haka ba ne bai yi maka adalci ba. Amma ka ba ni aron hankalinka kaɗan, domin jinin nan da kuke ambata da fatar baki mu mun gan shi kwance a ƙasa, kuma mun san na wa ne yake fara zuba.

Tun ba a haife ka ba muka fara ganin irin wannan rana. A watan Disamba na 1980, Shagari na shugaban ƙasa, Rimi na gwamnan Kano, Muhammadu Marwa da ake kira Maitatsine ya kafa sansani da almajiransa a Ƴan Awaki, abin ya fi ƙarfin ƴan sanda har sai da aka kawo soja, kuma kwamitin binciken da gwamnati ta kafa daga baya ya ƙidaya mutum fiye da 4,000 da suka rasa rayukansu cikin ƴan kwanakin nan. Shi ma ya mutu a ciki, kowa ya numfasa aka ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin a 1982 ta ɓulla a Bulunkutu ta Maiduguri, a 1984 ta tashi a Jimeta, a 1985 a Gombe. An gama da malamin, amma ba a zauna an tambayi abin da ya kai waɗannan yara gare shi tun farko ba, yaran da yawancinsu neman na tuwo ya kawo su birni, ba uwa ba uba a cikinsa.

Na Boko Haram a Borno kuwa kai ma ka taso ka same shi, sai dai wataƙila ba a ba ka labarin mafarinsa ba. Muhammad Yusuf ya yi shekaru yana wa'azi a Markaz ɗinsa na Maiduguri, samari na tururuwa, domin yana faɗin abin da ke ransu game da cin hanci da zaluncin masu mulki, sannan ya ɗora musu a kai cewa karatun boko da aikin gwamnati haramun ne. Malamai ba su yi shiru ba. Malam Ja'afar Mahmud Adam, Allah Ya jiƙansa, ya yi ta jan kunne a kan wannan tafiya kafin a harbe shi a masallacin Ɗorayi a Kano yana limancin sallar Asuba, a watan Afrilun 2007. Sai ga watan Yunin 2009, almajiran Yusuf sun tafi rakiyar gawa a kan babura, jami'an sintiri suka tare su a kan maganar hular kwano, cacar baki ta kaure, aka yi harbi, aka jikkata mutum 17 daga cikinsu. Ka dubi ƙanƙantar abin, ɗana. Ranar 26 ga Yuli suka far wa ofishin ƴan sanda a Bauchi, rikici ya bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil, cikin ƙasa da mako guda aka kashe mutum fiye da 700, aka rushe Markaz. Soja suka kama Yusuf da ransa suka miƙa shi ga ƴan sanda, ranar 30 ga wata aka nuna wa duniya gawarsa ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba. Surukinsa Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa ofishin ƴan sanda da ƙafarsa, shi ma ba a bar shi ba, har kotu ta yanke daga baya cewa a biya iyalansa diyyar Naira miliyan 100.

Kada ka juya mini magana, ba wanke Yusuf da mutanensa nake yi ba, domin su suka tara makamai, su suka kai hari, kuma alhakin abin da suka cusa wa ƴaƴan mutane yana wuyansu. Abin da nake so ka gani shi ne, da an gurfanar da shi an yi masa shari'a a bainar jama'a, ya amsa tambayoyi a kan waɗanda suka mutu ta dalilinsa, da mabiyansa da yawa sun gan shi a matsayin mai laifi. Da aka kashe shi ta wannan hanya sai aka ba waɗanda suka tsira abin da ba su da shi a da, wato gawar da za su riƙa nunawa da hoton bidiyon da za su riƙa kunna wa yara ana kuka. Shekara na zagayowa Abubakar Shekau ya bayyana, a Satumbar 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki fursuna fiye da 700, daga nan kuma sai bam a Abuja, sai bam a coci, sai bam a tasha, har mutanen Maiduguri suka daina ambatar sunansu a fili, sai dai a rage murya a ce yaran nan. Saboda haka ɓangare biyu ne suka yi gaggawa a shekarar nan, masu cewa sai sun kifar da gwamnati da masu cewa za su gama da su cikin kwana uku, ga shi an haura shekara 15 babu wanda ya cika alkawarinsa a cikinsu.

To yanzu zo mu duba waɗanda suka biya bashin. Mutanen da suka ce sun tashi ne domin yaƙar azzalumai, azzalumai nawa hannunsu ya kai gare su? Masu hali sun kwashe iyalansu sun koma Abuja, wasu ma ƙasar waje. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, da suka girgiza Kano, kimanin mutum 185 ne suka mutu, kuma in ka bi sunayen za ka tarar da ƙananan ƴan sanda ne da ƴan kasuwa da masu wucewa. A Nuwamban 2014 masallata suka tarar a Babban Masallacin Juma'a na Kano, an ta da kabbara, suka kashe fiye da 100. A Buni Yadi yara ƴan makaranta suka samu a ɗakin kwanansu, a Chibok ƴanmata 276 suka kwashe, a Dapchi 110. A Nuwamban 2020 manoman shinkafa suka yanka a gonakin kusa da Zabarmari, aka yi wa 43 sallah a rana ɗaya, wasunsu ƴan ci-rani ne da suka taso tun daga ƙasar Sakkwato neman kuɗin girbi. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi lissafi a 2021, ta ce zuwa ƙarshen 2020 yaƙin ya ci rayuka kusan 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa, amma kimanin 35,000 ne kawai bindiga ko bam ya kashe, sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan, ɗana, domin yaron da gudawa ta kashe a bukkar leda bai san gwamna ba, bai san Shekau ba, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba.

Ina da wani aboki da ke fataucin bandar kifi daga Baga. In ka je wurinsa ranar lodi za ka tarar da kwalaye jere sun fi tsayin mutum, an ɗaure su da igiya, kowanne da alamar mai shi a jiki, manyan motoci na jira za su Kano da Anaca da Legas, ga ƴan dako, ga masu banda, ga masu kwale-kwale, ga mata masu tuwo-tuwo, kowa na cin abincinsa a bakin ruwan nan. Bayan harin Baga na Janairun 2015 na sake ganinsa a Maiduguri, a layin karɓar abinci, yana tsaye cikin rana da kati a hannu, rigar da ya gudo da ita ce a jikinsa, ta koɗe ta yi masa yawa. Da ya hango ni sai ya cusa katin a aljihu, muka gaisa kamar yadda muka saba a kasuwa, ya tambaye ni iyalina ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ni kuwa bakina ya yi nauyi in tambaye shi nasa. Kuma ba ƴan tada ƙayar baya kaɗai suka karya shi ba, domin bayan sun kore shi daga gari sai hukuma ta hana kamun kifi da safararsa don kada kuɗin ya faɗa hannun ƴan daji, aka rufe kasuwannin shanu, aka hana hawa babur, aka taƙaita takin zamani saboda ana haɗa bam da shi, a wasu wuraren har dogon hatsi aka hana shukawa kada a ɓuya a ciki. Ƴan'uwanmu na Diffa a Nijar haka suka sha daga 2015, aka tsayar da cinikin kifi da na tattasai wanda shi ne arzikin yankin, aka ce mutanen tsibiran Tafkin Chadi su tashi cikin ƴan kwanaki, dubbai suka tako a ƙasa cikin zafin bazara da tsofaffi da goyo. In ka tambayi kowane ɓangare zai ba ka dalilinsa, wani dalilin ma mai ƙarfi ne, amma a gidan talaka aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

Ka sani kuma, ba duk wanda ya shiga daji ne aƙida ta kai shi ba. Wani rance aka ba shi ya ja jari, ranar biya ta zo ba shi da shi, aka ce to zo ka yi mana ɗan aiki. Wani babur aka saya masa. Wani aure ne ya gagare shi a gari saboda lefe da sadaki, aka ce masa can ga mata ba ko sisi. Wani ƙauyensu aka zo aka ɗora masa bindiga a ka, wani kuma yayansa aka kama bai dawo ba, zuciya ta ɗebe shi. Aikin farko ba ya wuce a ce sayo mana fetur, sayo mana magani, ko faɗa mana motar wa ta wuce da safe, kuma daga ranar da ka yi wannan ka zama nasu, domin sirrinka na hannunsu, in ka ja da baya su ce ka yi ridda su yanka ka, in ka dawo gari hukuma na nemanka, maƙwabta na rufe ƙofa in sun hango ka. Dubi ma yadda manyansu suka ƙare. A 2014 sun ci Gwoza sun ce sun kafa daula, sun ci Bama, sun ci Mubi, ba a cika shekara ba aka ƙwace garuruwan. A 2016 suka dare gida biyu, Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Yusuf na cikinsa, da Mamman Nur suka ware suna zargin Shekau da halasta jinin Musulmi da kashe nasa kwamandoji. Shi Mamman Nur mutanensa ne suka kashe shi a 2018, Shekau kuma a watan Mayun 2021 tsofaffin yaransa ne suka ritsa shi a dajin Sambisa ya ta da bam a jikinsa. Mutanen da suka kasa yin adalci a tsakaninsu, ta yaya za su kawo maka shi?

Saboda haka in wani ya zo maka da daɗin baki, ko a zaure ko a waya, ka lura da alamunsa. Malamin da zai ce ka ɓoye wa iyayenka karatun da yake maka, wanda a wurinsa kowa kafiri ne in ban da shi da ƴan majalisinsa, wanda ya fi ba ka labarin mutuwa fiye da yadda za ka gyara alwalarka, ka ɗauki abin da ya faɗa maka ka kai wa malamin da gari ya san asalinsa da inda ya yi karatu. Irin waɗannan malaman da gari ya sani da ransu suka saya muku wannan gargaɗi, domin Malam Albani na Zariya, Allah Ya gafarta masa, a hanyar komawa gida daga karatu aka tare shi a Fabrairun 2014 aka kashe shi da matarsa da ɗansa, Shekau kuma ya fito ya ce su ne.

Wataƙila kai ba ta wannan ƙofar za ka shiga maganar ba. Wataƙila kaki za ka saka, ko ka ɗauki gora ka tsare unguwarku, kuma wannan aiki ne mai daraja, ba na raina shi. Samarin Maiduguri da suka tashi a 2013 da sanduna da adduna, waɗanda ake kira ƴan kato da gora, su suka taimaka aka fatattaki ƴan bindiga daga cikin birni, da yawansu sun bar mata da marayu. Sojan da ke kwana a rami shi ma ɗan talaka ne, an kashe su da yawa a Bosso ta Nijar a 2016, da Metele a 2018, da Bohoma ta Chadi a 2020 inda kusan 100 suka kwanta a rana ɗaya, kuma kowannensu akwai tsohuwar da ke jiran ɗan abin da yake aiko mata ƙarshen wata. Amma domin ina ƙaunarka zan faɗa maka abin da ba a faɗa a fareti. Ƙungiyar Amnesty ta ce bayan harin da aka kai barikin Giwa a watan Maris na 2014 an kashe tsararru fiye da 600 da aka sake kamawa bayan sun tsere, kuma a rahotonta na 2015 ta ce mutum fiye da 7,000 sun mutu a tsare daga 2011, rundunar soja ta musanta. A 2017 kuma hukumar nan ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna da ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka ta tambaye su, kashi 71 cikin 100 suka ce abin da ya tunkuɗa su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ɗan'uwa ko aboki ko kama shi. Ka ga ke nan duk marin da ka yi wa dattijo a shingen bincike a gaban ɗansa, duk buhun da ka sauke wa mai kaya ba haƙƙi, ka ɗaukar wa ƴan daji sabon yaro ne ba tare da sun kashe ko kwabo ba.

Wata baiwar Allah ta ba ni labarin yadda aka tafi da ɗanta. Da asuba aka zagaye unguwa aka ce duk namiji ya fito, aka zaunar da su a fili, aka sa su wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gaban wata mota, a cikinta akwai mutum an rufe masa fuska, in ya gyaɗa kai a ware ka gefe, in ya girgiza ka koma gida. Ɗanta tela ne, allura na maƙale a wuyan rigarsa aka jefa shi mota. Tana yawo da hotonsa a cikin leda, ledar cikin wata ledar, ta ɗaure a gefen zane, duk ofishin da aka kwatanta mata sai ta je ta kwance ta nuna, kuma ba ta roƙon a sake shi in ya yi laifi, cewa take a faɗa mata yana raye ko ta yi masa addu'ar mamata. Shi wancan mai rufaffiyar fuska wa ya san abin da ke tsakaninsa da telan? Ko bashi ne, ko neman aure suka haɗa, ko dukan da ya sha ne ya sa dole ya nuna wani ya huta, Allah kaɗai Ya sani. Saboda haka, ɗana, ka ji tsoron harshenka a lokacin fitina fiye da yadda kake tsoronsa a lokacin zaman lafiya, domin kalma ɗaya, wane ɗan Boko Haram ne, wane infoma ne, ta isa ta rufe gida. In ka ga abu da idonka ka kai rahoto inda ya dace, wannan wajibi ne, amma abin da ka ji a shayi ko aka turo maka a waya, ko wanda ƙiyayya ta raya maka, ka haɗiye shi. Mutanenmu na Zamfara da Katsina sun ga inda wannan ke kaiwa, domin da satar shanu ta yi yawa aka kafa ƴan sa-kai, wasunsu suka shiga kama Bafulatani a kasuwa a kashe ba bincike, ƴan'uwansa su dawo da dare su ƙone ƙauyen da ba ruwansa, har aka wayi gari manomi sai ya biya ɗan bindiga kafin ya girbe gonarsa. Magabata sun ce ramin mugunta a gina shi gajere.

Ke kuma ƴar'uwata, ban manta da ke ba, domin nauyin wannan yaƙi a kanku mata ya fi sauka. Ku aka sace, ku aka ɗaura wa aure da bakin bindiga, ƙananan ƴanmata aka ɗaura wa bam aka tura kasuwa, ku ne kuma kuka cika sansanonin gudun hijira daga Maiduguri har Minawawo ta Kamaru, inda wata sai ta ba da mutuncinta kafin a ba ta awon da dama nata ne. In Allah Ya kuɓutar da wata ta dawo da goyo, don girman Allah kada ki zama cikin masu janye ƴaƴansu in nata ya matso, ko masu yi mata habaici a bakin rijiya, domin ba ita ta kai kanta ba, jaririn nan kuma bai zaɓi ubansa ba, kuma an ga waɗanda gorin gari ya ishe su har suka koma dajin da suka gudo. In kuwa ke ce aka kashe wa miji, ko ƴan daji ne ko masu kaki, ban isa in ce kada ki yi kuka ba, ban isa in ce ki yafe ba, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne. Roƙona ɗaya, ki lura da abin da kike faɗa wa ɗanki da dare in ya tambaye ki babansa. Ki faɗa masa gaskiya gwargwadon hankalinsa, ki faɗa masa sana'ar uban da kirkinsa da yadda yake tashinsa sallah, amma kada ki ɗora masa bashin jini tun yana ɗan shekara bakwai, domin masu neman irinsa suna nan suna jira, kuma ke ce za ki sake yin wani kukan.

Saura magana mafi ɗaci, maganar tubabbu. Tun 2016 gwamnatin Najeriya ta buɗe shirin karɓar waɗanda suka ajiye makami, ana kai su Malam Sidi a jihar Gombe a yi musu wa'azi a koya musu sana'a, Nijar ma ta buɗe nata a Gudumariya, bayan mutuwar Shekau kuma dubun dubata suka fito daga daji suka miƙa wuya a Borno, akasarinsu mata da yara da manoman da aka ritsa da su a ƙauyukansu, amma da mayaƙa a ciki. Na san abin da ke ranka, kuma yana raina ni ma. Matar da aka yanka mijinta a gabanta tana zaune a tanti, ga wanda ya fito daga daji an ba shi keken ɗinki da jari, wannan abu ne da zuciya ba ta ɗauka da sauƙi, kuma duk shugaban da ya yi kamar bai ga wannan ba ya zalunci matar nan sau biyu. Amma ka yi tunanin yaron da aka sace yana ɗan shekara goma, yau ya zama saurayi a daji yana son fitowa, in ya tabbata kashe shi za a yi a bakin gari to zai zauna ya yi yaƙi har ya mutu, kuma kafin ya mutu sai ya tafi da wasu. Ba a taɓa gama irin wannan yaƙi da harsashi kaɗai ba, dole a bar ƙofar da mai son fita zai fita.

Abin da ya kamace ku ku nema, da murya ɗaya kuma da ladabi, shi ne a tantance, wanda ya jagoranci yanka mutane ya tsaya gaban alƙali a ji shaidu, wanda aka tilasta a sake shi, kada a haɗa su a buhu ɗaya. In aka kawo tubabbe unguwarku, ba dole ne ka zama abokinsa ba, kuma sa ido a kansa ba laifi ba ne, amma kada ka ɗauki doka a hannunka, kada ka hana mutane ciniki da shi, domin in sana'a ta gagare shi a gari ya san inda ake ba da abinci. In ka ga wani motsi da bai kwanta maka ba, ka je wurin mai unguwa. In kuma kun zauna da mai unguwar a kan maganar, ka sa a fara da tambayar me aka tanadar wa matan da aka kashe wa mazaje, a rubuta sunayensu da na marayunsu, da na waɗanda aka kama ba a san inda suke ba, ku ɗauki dattawa biyu ko uku da liman ku kai takardar ga shugaban ƙaramar hukuma, ku ajiye kwafi a hannunku, in wata ya wuce ba ku ji amsa ba ku sake komawa, ku kuma kai gidan rediyo a karanta.